Me Yake Ci? Labarin Sanyin da Ya Shanye Mana Batir

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen lantarki da na kwamfuta, waɗanda a wannan zangon kowa ke ta zarya tsakanin ofishin malamin da ke duba aikinsa da shagunan kayan wuta na Sabon Gari. Makon jiya na tsaya gaban allon sanarwa ina karanta jerin furojek ɗin 'yan ajin ƙarshe, na ga sunan Peltier ya fito nan, ya fito can, sai na ji ba zan iya yin shiru ba. Ni wannan ɗan farantin ya taɓa cizona, kuma ba ni kaɗai cizon ya samu ba, har da mutanen gidanmu da ba su ji ba, ba su gani ba.

Ni ɗan Garun Malam ne. Babanmu manomi ne, da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa, a cikin filayen nan da ruwan dam ɗin Tiga ke shayarwa, waɗanda suka miƙe daga Kadawa har Kura da Bunkure. Da kuɗin tumatir aka biya mini rajistar farko a makarantar nan, da shi kuma na sayi tsohuwar kwamfutar tebur a wajen wani oga da ke kan titin Beirut. Furosesan da ke cikinta Intel ne, samfurin i5-2500K na 2011. Tsoho ne, amma ba raggo ba. Yana gudu a gigahaz 3.3, kuma harafin K ɗin da ke wutsiyar sunansa na nufin kamfani bai kulle shi ba: kana iya shiga BIOS ka ƙara masa gudu da hannunka. Wannan shi ne abin da ake kira obakulokin, wato ƙure wa furosesa gudu fiye da yadda aka yanka masa. Ba sabon abu ba ne. Tun 1998 matasa ke ɗaukar Celeron 300A mai araha su ɗaga shi daga megahaz 300 zuwa 450, ya riƙa gogayya da na masu kuɗi. Talaka ne ya fi kowa son wannan dabara, shi ya sa ta shiga raina.

Dalilina a baki shi ne AutoCAD da gyaran bidiyon biki, wanda nake ɗan samun na kashewa da shi. Dalilin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne wasan ƙwallo na kwamfuta. To, Allah dai ya yafe mana.

Ga inda matsalar take. Furosesa ba ya ƙara gudu kyauta. Wutar da yake ci tana hawa daidai da gudunsa, sannan tana hawa da ninkin bolt a kan kansa. Ka ƙara bolt da kashi 10 cikin 100, wutar ta ƙaru da kashi 21. Ka haɗa da ƙarin gudu na kashi ɗaya cikin uku, sai ka tarar abin da ke cin wat 80 a cikakken aiki ya koma cin kusan 130. Kuma duk wat ɗin da ya shiga furosesa, zafi yake komawa, ba ya zuwa ko'ina. Na ɗaga nawa zuwa gigahaz 4.5 a cikin watan Afrilu, a ɗakin langa-langa a Garun Malam, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 da rana. Masu bidiyon YouTube da nake kallo suna yin nasu ne a ɗakin da bai wuce digiri 22 ba. Fanka kuwa, komai girmanta, ba ta iya sanyaya abu ƙasa da iskar da take hurawa. Tun kafin a tashi tseren an ba su ratar digiri kusan ashirin, ni ban lura ba.

Da na ga zafi yana taɓa digiri 90 da wani abu, furosesan yana rage gudu da kansa don kada ya ƙone, sai wani abokina ya ce, "Mutumina, ai maganin wannan Peltier ne. Ka ba shi bolt 12 kawai, ƙanƙara za ka gani."

Kuma gaskiya ya faɗa, rabinta. Duk wanda ya taɓa riƙe farantin nan a hannu ya jona masa batir ya san yadda yake ruɗar mutum. Ɗan murabba'i ne fari, santimita huɗu kowane gefe, kaurinsa bai kai na biskit ba, babu injin da ke juyawa, babu gas, babu ƙara. Cikin daƙiƙa biyar gefe ɗaya ya yi sanyi ƙalau, ɗaya gefen ya ɗau zafi. Wani Bafaranshe mai ƙera agogo, Jean Peltier, shi ya gano abin a 1834: idan wuta ta ratsa mahaɗar ƙarafa biyu mabambanta, mahaɗar kan yi zafi ko ta yi sanyi, gwargwadon inda wutar ta fuskanta. Wanda ya cika kasuwarmu, mai lamba TEC1-12706, faifan tangaran biyu ne da aka jera ƙananan gutsattsarin bismut da teluriyam tagwaye 127 a tsakaninsu. Lambar ma ta faɗa maka: 127 yawan tagwayen, 06 kuma amfiya shida, iyakar abin da zai ja. Da yawanmu mun saye shi ba mu taɓa karanta lambar nan ba.

Na shafa man zafi, na ɗora farantin a kan furosesa, na ɗora tsohon ƙarfen zuƙe zafi da fankarsa a sama, na kunna. Rabin minti na farko na ga digiri 18 a allo, har na ɗauki hoto zan tura wa 'yan ajinmu. Da na saki aikin bidiyo sai lamba ta fara hawa: 50, 70, 90. Ɗif, kwamfuta ta kashe kanta. Abin da na saya don ya sanyaya ya koma bargo.

Sai daga baya na zauna da takardar bayanin farantin na fahimci wautata. Lambobi biyu ake tallansa da su: yana iya kwashe zafin wat 50 zuwa 60, yana kuma iya kawo bambancin digiri 60 da wani abu tsakanin gefensa biyu. Abin da mai shago ba zai faɗa maka ba, wataƙila ma bai sani ba, shi ne ba ka samun biyun a lokaci ɗaya. Wat 60 ɗin nan sai idan babu bambancin zafi ko kaɗan tsakanin gefen biyu. Digiri 60 ɗin kuma sai idan babu wani zafi da yake kwasa. A tsakani ake rayuwa. Ni kuwa na ɗora wa abin da iyakarsa wat 60 kayan wat 130. Ka ɗaura wa jaki kayan raƙumi, sannan ka tsaya kana mamakin ya durƙushe.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na koma kasuwa na ƙaro uku, da ɗan falangen jan ƙarfe da zan jera su a kai, da tsohon lagireton babur da ƙaramin famfon ruwa. Kuɗin kwando uku na tumatir ne, wanda Baba ya ba ni don takardun karatu.

Yanzu mu zo kan ainihin maganar da ta sa na ɗau alƙalami, wato daga ina wutar za ta fito. A bolt 12, faranti ɗaya yana jan kusan amfiya biyar, wato wajen wat 55 zuwa 60. Huɗu kenan amfiya ashirin, wat 230 ko kusa da haka. Ka lura fa, wannan ba wutar kwamfuta ba ce, wutar sanyaya ta ce kawai, kuma ta fi abin da furosesan kansa ke ci. Sannan wat 230 ɗin nan ba ɓacewa suke yi ba. Su ma zafi suke komawa, su tarar da wat 130 na furosesa a gefen da ke ɗaukar zafi. Ka fara da matsalar wat 130, ka wayi gari kana neman inda za ka zubar da wat 360, a cikin ɗakin da kai ma gumi kake yi. Gudun gara, an faɗa gidan zago.

Da farko a jikin akwatin rarraba wutar kwamfutar na jona su, wanda muke kira fawa-saflai. An rubuta wat 500 ɓaro-ɓaro a jikinsa, na ce ai akwai sarari. Ban duba ƙananan rubutun da ke ƙasa ba, inda aka raba adadin tsakanin layin bolt 3.3 da na 5 da na 12. Layin bolt 12 shi ke ciyar da furosesa da katin hoto, kuma a irin waɗannan akwatuna marasa nauyi da suka cika kasuwa, abin da ke kansa bai kai abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. Na kuma tattara amfiya ashirin na bi da su ta siririyar waya rawaya guda ɗaya da filoginta na roba. Bai yi minti goma ba na ji ƙauri. Roba ta narke, akwatin ya yi wata 'yar ƙara, shi ke nan. Allah ya taimake ni bai tafi da madabod ba.

Na aro wani akwatin a wajen wani mai gyara a Ciromawa. Farantan kuma na ce tunda bolt 12 suke so, ga batirin solar gidanmu nan bolt 12 ne, me zai hana in ja waya kai tsaye? A ranar har yaba wa kaina na yi.

Batirin nan yayanmu ne ya haɗa wa Inna, da faifan sola ɗaya a kan rufi. Amfiya-awa 100 ne, wato wat-awa 1,200 a takarda. Irin batirin nan mai ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko, saboda haka abin da muke da shi na gaske wajen 600 ne. Da shi ake kunna ƙwai uku, a yi cajin wayoyin gida har da na maƙwabta, a juya fankar Inna mai cin wat ashirin har gari ya waye, ya ma yi saura. Ni kuma na zo na ɗora masa kwamfuta ta infata, da faranti huɗu, da famfo, da fankoki: jimla ta haura wat 400. Ko ɗan aji ɗaya zai iya raba 600 da 400. Ni da nake shirin zama injiniya ban raba ba.

An ɗauke wuta tun la'asar, yadda aka saba. Na kunna bayan magariba. Gaskiya abin ya yi aiki, furosesa ya tsaya a digiri 50 da 'yan kai a gigahaz 4.5, bidiyon da ke cin minti arba'in ya fita a talatin da ɗan wani abu. Kafin a idar da sallar isha'i infata ta fara kuka ta mutu. Amma farantan ba ta infata suka bi ba, babu abin da zai yanke su, suka ci gaba da tsotsar batir ina can ina lalube a duhu, har sai da ya faɗi warwas. A daren ƙanwata Ummi na kwance da zazzaɓi. Fanka ta tsaya. Inna ta kwana zaune tana yi mata fifita da mafici, ba ta ce mini uffan ba, wanda wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Batirin kuma tun daga ranar bai ƙara riƙe caji kamar da ba.

Washegari Baba ya ce in bi shi gona. Muna tsaye a bakin kanal yana jera bututan roban da ake zuƙo ruwa da su zuwa cikin kunya, bai ɗago ya kalle ni ba ya ce, "Injiniya, wannan abin naka da ya kwantar mana da batir, da za ka saya ka tambayi me yake ci?"

Na ce, "Baba, ai ba shi da inji, wuta kawai yake so."

Ya ce, "To ita wutar daga sama take zubowa? Ni ko ɗan maraƙi zan saya, kafin in tambayi ƙarfinsa sai na tambayi cinsa. Injin ban ruwa ma haka. Ka ga ruwan nan," ya nuna kanal da haɓa, "tun daga Tiga da ƙafarsa ya zo, ban ba shi ko kwabo ba. Amma gonar Malam ta can kan tudu, kullum sai an zuba wa inji fetur kafin ruwa ya hau."

Na sha karanta dokar zafi ta biyu don jarrabawa, amma a bakin kanal ɗin nan na gane ta. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, abin da ya sa noman rani ya zauna da gindinsa a yankinmu shi ne ruwan gangarowa yake yi da kansa. Zafi ma haka yake, daga mai zafi zuwa mai sanyi yake gangarawa ba tare da an biya shi ba. Ƙarfen zuƙe zafi da fanka kanal ne kawai, faɗaɗa wa zafi hanya suke yi ya gangara. Farantin Peltier kuwa injin ban ruwa ne, tura zafi yake yi ya hau tudu, kuma duk tsawon tudun, yawan cinsa. Abin takaicin shi ne a cikin injinan da ke wannan aiki, shi ne mafi ci. Kwamfuresan firij na gida yakan kwashe zafin wat biyu ko uku da kowane wat ɗaya na wuta. Peltier idan ka buɗe masa wuta gaba ɗaya, wat ɗaya ba ya kwashe maka ko wat ɗaya cikakke.

Kada wani ya ce ai don kayana na gwanjo ne. A 2020 Intel da kansa ya haɗa kai da EK da Cooler Master suka fitar da na'urar sanyaya furosesa mai farantin Peltier, don manyan furosesoshi irin su i9-10900K. Ita kaɗai tana iya jan wajen wat 200, sai an ba ta filogi irin na katin hoto, da ƙaton lagireto, da wata ƙwaƙwalwa mai auna laimar iska don kada raɓa ta sauka a kan madabod. Duk da haka ta fi amfani ne idan aikin ɗan gajere ne. Da an saki dukkan ƙarfin furosesa na dogon lokaci sai farantin ya kasa. Zuwa 2023 Intel ya janye daga shirin. Waɗannan mutane ne da ba a ɗauke musu wuta.

Maganar raɓa ma kada a raina ta. Ni da rani na yi nawa, iska a bushe, shi ya sa na tsira. Ka gwada a watan Agusta ka gani. Yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi a kan tebur, haka gindin furosesanka zai yi, ruwan kuma a kan layukan wuta zai sauka.

Duk da haka, wanda ya ce lallai sai ya gwada, ba zan hana shi ba, ni ma ai ba a hana ni ba. Amma ya ware wa farantan nasu akwatin wuta daban mai bolt 12, wanda amfiyarsa ta fi abin da ya lissafa da akalla kashi ɗaya cikin huɗu, ya sa waya mai kauri da fis, ya kuma tabbatar fanka ko famfon gefen zafi ba za su taɓa tsayawa ba alhali farantin na kunne, don a cikin ɗan lokaci zai dafa kansa ya dafa abin da ke ƙarƙashinsa. Idan batir zai taɓa, ya sa abin da zai yanke wuta kafin batirin ya faɗi. Sannan ga wani sirri da na so a ce na sani tun farko: kada ka ba farantin duk abin da zai iya ci. Kwasar zafinsa tana hawa daidai da amfiya, amma zafin da yake haifarwa a cikinsa yana hawa da ninkin amfiya a kan kanta. Ka rage amfiya zuwa rabi, wutar da yake ci ta koma kusan kwata, alhali yana iya yin kusan kashi uku cikin huɗu na aikinsa, muddin tudun da kake so ya hau ba dogo ba ne. Faranti da yawa a rabin ƙarfi sun fi kaɗan a cikakken ƙarfi. Sai dai kuɗin sayensu kuma ya hau. Ta ko'ina ka ɓullo sai ka biya.

To, me ya haɗa wannan da allon sanarwa? Abin da na gani a can ba masu ƙure furosesa ba ne, su 'yan kaɗan ne, kuma kwamfutarsu da aljihunsu kawai za su ƙona. Abin da ya dame ni shi ne furojek irin su "firij mai aiki da sola da Peltier don adana tumatir ɗin manoma". Niyyar mai kyau ce, kuma ciwon na gaske ne. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Kwanar Gafan a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da kowa ya ɗebo a rana ɗaya, ya ga yadda kwanduna ke jere a rana suna tsiyaya, dillali yana taya farashin da bai kai kuɗin mota ba, manomi kuma ba shi da zaɓi don gobe kayan sun lalace, ya san me nake nufi. Na ga Baba ya dawo da kaya gida mun yanka mun shanya kauɗa, ba don ita muka noma ba.

Amma mu yi lissafin da ban yi wa batirin Inna ba. Ɗauki tumatir kilo 50. Kusan duk ruwa ne, saboda haka kowane kilo na buƙatar a cire masa wajen kilojul 4 kafin ya sauka digiri ɗaya. Kana so ka sauko da shi daga digiri 35 zuwa 12, don tumatir ba ya son sanyin da ya wuce haka sosai. Kilojul 4,600 kenan, wajen wat-awa 1,280. Faranti ɗaya, da zafin waje irin namu, da wuya ya kwashe maka fiye da wat 20, don gefensa mai zafi yana kusa da digiri 50, mai sanyin kuma dole ya sauka ƙasa da 12. Raba 1,280 da 20: awa 64. Kusan kwana uku, kwando ɗaya, kuma ban sa zafin da ke kutsowa ta jikin akwati ba, ban sa wanda tumatir ɗin ke fitarwa da numfashinsa ba. A cikin awannin nan farantin ya sha sama da wat-awa 3,500, wato ya kwantar da batiri irin na Inna sau shida. Kwamfuresa zai yi aikin da abin da bai kai kwatan haka ba. Wane manomi za ka kai wa wannan?

Amma a ranar kare furojek me ke faruwa? Ɗalibi ya kawo kula ta roba ya huda murfinta, ya sa robar ruwa ɗaya a ciki tun safe, malamai su taɓa su ji sanyi, a tafa, a ba da maki. Ba a tambaya wat nawa ya shiga, wat nawa ya fita, batirin awa nawa zai yi, faifan sola nawa zai cika shi gobe. Ba na zargin wani malami shi kaɗai. Ni ma da nake gefen masu kallo na sha tafawa. Ra'ayina shi ne duk wani furojek da aka jona wa wuta, dole ya zo da shafi guda na lissafin ci, wanda aka auna da mita ba wanda aka kwafo daga intanet ba, kuma a yi gwajin da kaya na gaske a ciki, da rana tsaka, ba da robar ruwa a ofis mai iyakwandishan ba. Ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin sassa suna iya sayen mita mai maƙalawa a waya da ma'aunin zafi guda biyu-uku su ajiye ana aro. Kuɗinsu bai kai na rigunan da muke bugawa a makon ɗalibai ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a ɗakin kwana: "Kai kana kashe wa mutane gwiwa, ai da gwaji ake koyo." Haka ne, kuma ni shaida ne. Ban ce a daina taɓa Peltier ba. Yana da gidansa: inda abin sanyayawa ƙarami ne, wurin matsattse ne, ana kuma son zafi ya tsaya cak a lamba ɗaya. Shi ke cikin injinan PCR na asibiti, shi ke sanyaya idon manyan kyamarori da na'urorin leza. Ɗalibin da zai haɗa ɗan akwatin da mai ciwon suga zai adana insulin ɗinsa a ƙauye, ya auna, ya nuna awa nawa batir zai riƙe, ni zan fara tashi in tafa masa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora sunan manomi a bangon furojek alhali an san, ko ya kamata a sani, abin ba zai taɓa shiga gona ba. Iyayenmu ne fa. Da kuɗinsu muke sayen farantan.

Kuma kada mu manta, wanda ya fi yin suna a duniya kan sanyaya kayan gwari daga arewacin ƙasar nan malamin foliteknik ne kamar malamanmu. Marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a foliteknik ta jihar Jigawa a Dutse, tukunya ya sa a cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ya samu kyautar Rolex a 2000, mujallar Time ta sa aikin cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren 2001. Ba shi ya fara gano cewa ruwa in yana bushewa yana tafiya da zafi ba, randar kakanninmu ta riga shi. Abin da ya yi shi ne ya dubi abin da mutanensa ke da shi. Lita ɗaya ta ruwa idan ta bushe tana ɗauke zafin wajen wat-awa 670. Lita biyu kenan sun kai abin da faranti na zai yi kwana uku yana fama. Ba za ta kai ka digiri 12 ba, da damina ma kusan ba ta aiki don iska ta riga ta ƙoshi da laima, kuma tukunya ba ta ɗaukar kayan tirela. Amma yaushe tumatir ɗinmu ke fitowa? Da rani, lokacin da iska ta bushe ƙayau, ruwa kuma na gudu a kanal a bakin gona. Ina ɗalibin da zai gina ɗaki na bulo mai bango biyu a Kadawa, da ƙaramar fanka ta wat ashirin da famfon da zai riƙa jiƙa shi, ya auna zafi da laima na wata guda, ya faɗa mana kwando nawa ya ɗauka, kwana nawa ya ƙara musu? Ban ga ko ɗaya a allon ba. Wataƙila don bulo da yashi ba sa kyau a hoto.

Kwamfutata tana nan da ranta. Na cire farantan, na sayi babban ƙarfen zuƙe zafi na gwanjo mai bututan jan ƙarfe, na busa ƙurar hunturu da ta toshe ko'ina, na sauko da gudu zuwa gigahaz 4.0 ba tare da na taɓa bolt ba. Manyan ayyuka kuma bayan asuba nake sakinsu, kafin rufi ya ɗau zafi. Bambancin da ke tsakanin wannan da abin da na kusa ƙona gida a kansa bai wuce 'yan mintuna a kowane bidiyo ba. Sabon batirin Inna ni da yayanmu muka haɗa kuɗinsa, har yanzu yana bina sauran nawa kason, kuma duk ranar da muka yi waya sai ya ce, "Injiniya, ya sanyi?"

Faranti biyu sun mutu a gwaje-gwajen baya, biyu suna nan lafiya a ƙasan akwatina a ɗakin kwana. Duk mai buƙata ya zo ya ara, ba sai ya kashe kuɗinsa ba. Ya dai taho da mitarsa, mu jona tare.